Babur Ɗin Mahaifina da Aka Yanke wa Baya

Daga:
Mai ɗinki, wadda aka fi sani da Goggo Tela,
Shagon da ke kusa da famfo,
Layin Teloli.

19 ga watan Mayu.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Kanikawan Babura,
Ofishin Ƙungiya, saman shagon taya,
Layin Gareji.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ƊAN ƘUNGIYARKU DA AKE KIRA MAI SIKELI, BISA LALATA BABUR DA SUNAN RAGE MASA NAUYI, DA JEFA RAI CIKIN HAƊARI, DA CIN MUTUNCI

Bayan gaisuwa da girmamawa gwargwadon yadda suka dace da kujerarka, ina rubuto wannan takarda ne saboda na hau matakalar ofishinku sau biyu da ƙafafuna, kuma sau biyun sakatarenku ya sallame ni a tsaye, ya ce in koma gida in turo maigidana. Ina sanar da ofishinka cewa maigidana yana kwance da karyayyen ƙashin kafaɗa, ba zai iya hawa wannan matakala ba. Ko da zai iya, babur ɗin da ake magana a kansa ba nasa ba ne. Nawa ne.

Domin kwamiti ya fahimci abin da aka lalata, ya zama dole in faɗi abin da yake kafin a taɓa shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya sayi wannan babur sabo tun ina 'yar makaranta. Baƙi ne, mai jan layi a gefen tanki, irin na dā da ake yi da ƙarfe tun daga fitila har zuwa lambar baya. Da ya rasu, yayyena maza ba wanda ya so shi, sun ce ya tsufa kuma ya cika nauyi, sai ya faɗo a rabona. Ni ban iya tuƙi ba. Maigidana, tsohon ma'aikacin gidan ruwa da unguwa ke kira Baban Mita, shi ya riƙa hawansa yana zagaya gidaje karatun mita har ya yi ritaya. Fiye da shekara talatin, shi ke sauke ni a shago da safe, ya zo ya ɗauke ni da yamma. A kan kariyar bayan nan, wato ƙarfen ɗora kaya, ake ɗaure kan keken ɗinkina idan ya lalace, a kanta ake ɗaure yadudduka, a kanta 'ya'yanmu uku suka yi zuwa makaranta ɗaya bayan ɗaya. Kujerar bayan kuwa sau biyu ina sake mata riga da hannuna.

Tun bara gwiwoyin maigidana suka fara ba shi wahala. A cikin watan Fabrairu babur ya rinjaye shi a ƙofar gida ya danne masa ƙafa, sai da maƙwabta biyu suka ɗaga. Surukinmu ya ba da shawarar a sayar. Maigidana bai yi musu ba, amma daga ranar ya rage cin abinci, ya koma zama a tsakar gida yana goge tankin da ba ƙura a kansa. Ana cikin haka wani abokinsa ya nuna masa aikin Mai Sikeli a waya, ya ce akwai yaron da ke mayar da tsohon babur kamar keke don rashin nauyi.

Ranar 3 ga watan Maris muka je garejinsa tare, ni da maigidana, a kan babur ɗin. Na ga sikelin da ya rataya a jikin ƙarfen rufi, irin na mahauta, wanda yake auna duk abin da ya kwance daga jikin babur yana faɗa wa mutane da ƙarfi. Ya zagaya babur ɗinmu yana ƙwanƙwasa shi da sifana. Ya ce abu uku ne ke kashe Baba: batir, salansa, da rim ɗin tayoyi. Ya ce zai sa ƙaramin batir na zamani, da salansa marar nauyi, da rim na alminiyam. Na amince da waɗannan ukun. A gabansa na ce babur ɗin gadona ne daga mahaifina, na ɗora hannuna a kan kujerar baya na ce kada a taɓa nan. Ya dafa ƙirji ya ce an gama, Goggo. Mai shayin da ke jikin garejin yana wurin, ya ji, kuma ya ce zai faɗa a duk inda aka kira shi.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Wuce iyakar aikin da aka ba shi. Bayan abubuwa ukun da aka yi yarjejeniya a kansu, Mai Sikeli ya cire kujerar baya, da kariya, da matakan ƙafar fasinja, da babban jak, da murfin sarƙa, da madigadin baya. Ya canza hannun birki da na kuloci. Sannan ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya datse firam ɗin babur daga inda mai tuƙi ke zama, ya ɗora wata 'yar kujera mai kama da tafin hannu. Na san abin da zai ce a gabanku: zai ce maigidana ya yarda. Ba na musun haka. Amma ina so kwamiti ya tambaye shi sau nawa ya kira dattijon nan shi kaɗai zuwa gareji, ya zaunar da shi, ya riƙa ɗora ƙarafa a sikeli ɗaya bayan ɗaya yana ce masa Baba dubi abin da kake ɗauka a banza, Baba da wannan ya fita za ka koma ɗan shekara talatin. Mutumin da babur ya kayar a ƙofar gidansa a gaban maƙwabta, wanda ke jin tsoron an kusa raba shi da hanya, babu abin da ba zai ce to a kansa ba. Mai Sikeli ya gane haka, kuma da shi ya yi amfani. Ya san mai babur ɗin. Ya san inda shagona yake. Bai aiko ba, bai kira ba.

2. Ɓarnar da ba ta gyaruwa da sauƙi. Ranar 27 ga watan Maris maigidana ya dawo da babur gida. Na ji ƙararsa tun daga kan kwana, wata irin ƙara mai tsaga kunne da ban san shi da ita ba. Ya shigo yana murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya ce in zo in gani, an cire kilo talatin da ɗaya. Na fito da jakata a hannu, don a zatona zai kai ni shago. Na zagaya babur ɗin ina neman inda zan zauna. Ranka ya daɗe, babu. Bayan 'yar kujerar nan ba komai sai taya tsirara da wata fitila kamar idon kaza. Sai a lokacin maigidana ya waiwaya ya dubi bayansa, na ga murmushin yana barin fuskarsa. Ban yi masa faɗa ba. Na juya na tafi bakin titi na jira motar haya. Daga baya ƙanina, wanda aikinsa walda ne, ya zo ya duba, ya ce batir da salansa ana kwancewa a mayar, amma firam da aka yanka sai an samu ainihin guntun ko an ƙera wani, kuma ba zai taɓa zama kamar dā ba. Da aka tambayi Mai Sikeli guntun, ya ce masu sayen tsoffin ƙarafa sun riga sun tafi da shi. Ƙarfen da ya ɗauki mahaifiyata, ya ɗauke ni, ya ɗauki 'ya'yana, an auna shi an jefa a buhu tare da ruɓaɓɓun gwangwanaye.

3. Sa kaya marasa inganci da cire abin kariya, wanda ya jawo haɗari. Ranar 22 ga watan Afrilu da hantsi, maigidana yana kan hanyar zuwa karɓo maganin gwiwarsa, ƙafar wandonsa ta shiga sarƙa, saboda murfin da ke hana haka yana cikin abubuwan da aka cire. Ya damƙe birki, hannun birkin ya ɓalle a hannunsa. Ya faɗi a gefen kwata, gaban shagon mai burodi. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, sarƙa ta yage masa idon sawu har sai da aka yi ɗinki. Mai burodin ne ya kira ni. Da a ce motar da ke bayansa ba ta kauce ba, da wannan takarda wata iri ce. Guntun hannun birkin yana wurina. Duk wanda ya kalli inda ya karye zai ga cikinsa ramuka ne kamar soso. Na asalin da aka cire ya yi shekara arba'in da wani abu, babur ya sha faɗuwa da shi, iyakarsa ya ɗan lanƙwashe a miƙe shi. Ni ba bakanika ba ce, amma ni ma sana'a gare ni. Idan mace ta kawo mini riga ta ce ta yi mata nauyi, ba na zare zaren da ke riƙe da hannun rigar in ce mata ga shi ta yi sauƙi. Ina so kwamiti ya faɗa mini ko a ƙa'idar ƙungiyarku birki yana cikin wuraren da ake neman rangwamen nauyi.

4. Amfani da hoton maigidana wajen talla. A ranar da ya ba da babur, Mai Sikeli ya ɗauki bidiyon maigidana yana ɗaga babur ɗin da hannu ɗaya yana dariya, ya saka a shafinsa da rubutu cewa ya mayar da tsoho yaro. Har zuwa safiyar yau bidiyon yana nan. Mutumin da ke dariya a ciki ba ya iya sa riga sai na taimaka masa. 'Yata ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon abin da ya faru, aka goge rubutunta, aka toshe ta. Wasu dattawan suna kallon wannan bidiyo suna kai nasu baburan. Na san uku da suka kai, ɗaya daga cikinsu yana ɗaukar matarsa zuwa asibiti duk mako.

5. Cin mutunci a bainar jama'a. Ranar 29 ga watan Afrilu na rufe shagona na je garejin domin in karɓi abin da ya rage na kayana. Na yi sallama. Na same shi zaune yana cin abinci, kuma abin da yake zaune a kai kujerar babur ɗina ce, an ɗora ta a kan tsofaffin tayoyi biyu an mayar da ita benci. Na gane ta da ɗinkina. Bai tashi ba. Bai tambayi jikin maigidana ba. Na faɗi abin da ya kawo ni cikin ladabi, Allah ne shaidata. Ya ce haɗari daga Allah ne, kuma tsoho ya kamata ya san irin wandon da zai sa. Na ce masa ni ce mai babur ɗin, kuma na hana shi taɓa baya. Sai ya ce, ina rubuta shi yadda ya faɗa ne domin kwamiti ya auna da kansa, wai shi da direba yake magana, ba ya magana da kaya. Ya nuna sikelin da cokalinsa ya ce ai babban nauyin da ke kan babur ɗin bai samu ya auna ba, in ina so in matso a rataya ni a ƙarasa lissafi. Mazan da ke zaune a wurin suka yi dariya. Su biyar ne. Ɗaya daga cikinsu, mai farar hula da tabarau a goshi, shi ne na tarar a bayan tebur da na zo ofishinku, shi ne sakatarenku da ya ce in je in turo maigidana.

Ranka ya daɗe, shekarata sittin da ɗaya. Na girmi uwar da ta haifi yaron nan. Na san ni ba siririya ba ce, kuma a gidana ana yi mini tsiya a kan haka, har maigidana kan ce ni ce ke hana tayar gaba taɓa ƙasa, mu yi dariya. Wannan tsakanina da shi ne, shi da ya ɗauke ni shekara talatin bai taɓa cewa ya gaji ba. Ba hurumin wanda ya karya masa kafaɗa ba ne. Ban yi kuka a garejin ba, ban zage shi ba, ko da yake ina da bakin da zan yi. Na tsaya har suka gama dariyar, na kalle su ɗaya bayan ɗaya don in riƙe fuskokinsu, na tafi.

6. Abin da wannan ya jawo wa gidana. Na san ba aikin kwamiti ba ne shiga tsakanin mata da miji, kuma ba haka nake nema ba. Ina faɗa ne don kada a ce ɓarnar ƙarfe ce kawai. Maigidana mutum ne mai surutu, wanda idan ya fara labarin karnukan da suka kore shi a gidajen mutane lokacin karatun mita sai an roƙe shi ya yi shiru. Yanzu yini guda ba ya haɗa jimla biyar. Ya sa an lulluɓe babur da tsohon zanen gado an juya shi bango. Idan na ɗauko maganar sai ya ce a bar ta, laifinsa ne, yaron ba shi da laifi. Da ya tsaya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Ranar da muka koma asibiti a duba ɗaurin, a motar haya muka tafi, muna zaune gefe da gefe. Duk tsawon aurenmu bayansa na sani a kan hanya, ranar ce na fara ganin fuskarsa muna tafiya, kuma ban so abin da na gani ba. Shagona kuma yanzu sai rana ta ɗaga nake buɗewa, bayan na yi masa wanka na ba shi magani na yi jiran mota. Masu kawo ɗinki sun fara wucewa gaba.

Bisa waɗannan dalilai, ina roƙon kwamiti mai daraja da ya yi abubuwa kamar haka:

(a) Ya kira Mai Sikeli ya amsa waɗannan tuhume-tuhume a gabana, ba a bayana ba, tare da mai shayi da mai burodi a matsayin shaidu.

(b) Ya umarce shi ya dawo da duk abin da ya rage na asalin babur ɗin: batir, salansa, rim biyu, kariya, jak, murfin sarƙa, madigadi, hannun birki da na kuloci, da kujerar. Kujerar a wanke ta kafin a kawo.

(c) A mayar da bayan babur ɗin yadda zai ɗauki mutum biyu lafiya, a hannun bakaniken da ni zan zaɓa, ɗawainiyar kuma a wuyan wanda ya yanka. Ba na so hannunsa ya sake taɓa ko da madubin babur ɗin.

(d) A sa shi ya cire bidiyon maigidana nan take, ba sai an jira zaman kwamiti ba.

(e) Ƙungiya ta tura wanda ya san aiki ya duba birkin sauran baburan da suka bi ta garejinsa, tun kafin wata matar ta samu irin kiran da na samu.

(f) Sakatarenku ya janye daga duk abin da ya shafi wannan ƙara. Wanda ya yi dariya ba zai riƙe alƙalami ba.

(g) Ya ba ni haƙuri a wurin da ya ci mutuncina, a tsaye, a gaban mutanen da suka ji.

Ina kuma roƙo da girmamawa kada a turo mini tawagar dattawa gida da yamma su zauna a tabarma su ce in yi haƙuri yaro ne. An riga an turo kawunsa, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Yaron da ya isa ya riƙe injin yankan ƙarfe ya isa ya tsaya a gaban kwamiti. Haka kuma kada a je wa maigidana ta bayan fage a sa shi ya ce ya yafe. Zai ce ya yafe, na san shi. Amma ba zai yafe abin da ba nasa ba.

An shaida mini cewa kwamitinku yana zama ranar Asabar ta farko a kowane wata. Zan jira takardar gayyata har zuwa zaman watan Yuni. Idan ba ta zo ba, ina sanar da ofishinka tun yanzu, don kada a ce na yi ba zata, cewa zan kai maganar gaban hukuma. Kafin nan kuma zan turo babur ɗin da hannuna daga gida har Layin Gareji, in jingine shi a gindin matakalarku, in ɗauko kujerata ta roba da ɗinkin hannu in zauna kusa da shi. Duk wanda ya zo da babur gyara ya tambaye ni abin da ya samu wannan, zan faɗa masa, da sunan garejin da sunan ƙungiyar da ke tsaya masa. Kada kwamiti ya ɗauka barazanar tsohuwa ce da ba za ta iya ba. Jiya na yaye zanen, na kama kan babur ɗin, na zagaya tsakar gida da shi sau da yawa ban ko yi haki ba. Ya yi sauƙi ƙwarai. A wannan kaɗai ɗan ƙungiyarku bai yi ƙarya ba.

Ina fatan kujerarka za ta yi abin da aka kafa ta dominsa. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka cikin ladabi da jiran amsa,

(sa hannu)
Goggo Tela,
Mai babur ɗin.

Kwafi zuwa ga:
Shugabar Ƙungiyar Teloli Mata, Layin Teloli.